Gida Nawa, Itaciya ta Madam

A ƙauyenmu, can kudu da Damagaram, in ka sayi gona ƙasa ka saya. Itaciyar da ka tarar tsaye a ciki tana da mai ita, kuma mai ita shi ne wanda ya dasa ta, ko ɗiyansa, ko jikokinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayi wata gona da ɗorawa a tsakiyarta. Ya yi noma a kewayenta har ya tsufa, ya sha inuwarta, ya ɗaure jakinsa a gindinta, amma bai taɓa kai hannu ga ƴaƴanta ba. In ta nuna, jikokin wata tsohuwa ke zuwa da ƙugiya su kaɗe abinsu, mu muna kallo muna haɗiyar miyau. Abin da iska ta kaɗo kawai shi ne halalinmu. Shi ya sa na tashi cikin yaran da suka fi kowa roƙon Allah ya kawo iska.

Da wannan ilimi na zo Faransa. Na lakwal ɗin, wato boko, bai taka kara ya karya ba, don a aji na huɗu muka rabu da mushe, malaminmu, kowa a cikinmu yana ganin ya huta.

Aikina na farko ba a birni ba ne. Wani ɗan ƙauye ne cikin duwatsun da ke bayan Lyon, inda mota ke hawa tana nishi. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau in na faɗe shi sai ɗiyata ta gyara mini. Garin ba shi da sana'a sai katako. Itatuwan sapan ne dogaye, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, sun rufe duwatsu ko'ina. A sare su, a ɗora wa manyan motocin kamiyo, a kai wa injin zarto da ke bakin rafi. Ƙarar injin ita ce agogon garin. Garin katako yana cikin gashin kowa, yana cikin aljihu, wani lokaci har cikin burodi. In dattijo ya miƙo maka hannu ku gaisa, kada ka ƙirga yatsunsa. Ba ladabi ba ne, kuma ba za su cika ba. Mutanen kirki ne, sai dai suna da ciwo guda: ba su iya kallon itaciya su ga itaciya. Kai kana ganin inuwa, su suna ganin ƙyaure da tebur da akwatin gawa.

Mai injin ya sauke mu, mu leburori baƙi, a wani tsohon gida na dutse a ƙarshen gari, ɗakuna ƙasa, ɗaya sama. Bayan gidan akwai wata itaciya wadda ba sapan ba ce, mai faɗi, mai rassa kamar ɗorawa. Suna ce mata nuwa. Ƴaƴanta in suna ɗanye kamar lemun tsami suke. Cikin koren ɓawon akwai ƙwallo mai tauri, in ka fasa sai ka ga abu kamar ƙwaƙwalwar tsuntsu, ɗanɗanonsa tsakanin gujiya da ƙwallon aduwa. Koren ɓawon nan kuwa yana rina hannu ya yi baƙi ƙirin, ba sabulun da ke fid da shi sai ya gaji don kansa. Abokan zamana, wasu Larabawa da wani ɗan Mali, suna hawa suna kaɗa. Ni na ƙasa nake tsinta. Suna mini dariya wai tsoron hawa nake, ni kuwa ina ganin su ne ba su da tarbiyya.

Da na samu aiki a izin, wato masana'antar sinadarai, a Saint-Fons kusa da Lyon, sai na bar garin da yatsuna cikakku, alhamdu lillahi. Na yi aure, Hajiya ta zo, muka haifi yara, muka zauna a bene muna shaƙar abin da izin ta ga damar ba mu. Wata Lahadi, bayan shekaru da yawa, na zuba su a mota don in nuna musu inda ubansu ya fara wahala. Sai muka tarar da gidan a kulle, rufi ya ɓarke, ƙaya ta cinye ƙofa, an kafa allo ana neman mai saye. Garin kansa ya rame, samari duk sun gudu birni. Hajiya ta sauko ta ja numfashi mai tsawo, ta ce tun zuwanta ƙasar nan ba ta shaƙi iskar da ba ta da ɗanɗano ba sai yau. Maganar ke nan da ta jawo mini sayen kango. Na yi ta gaya wa abokaina a masallaci cewa ni ma na yi gida a Turai, ban dai gaya musu cewa ruwan sama ya fi mu zama a ciki ba.

A nan ba a sayar da ko kango sai gaban noter, wato mutumin da hukuma ta ɗora wa shaidar ciniki. Ya karanta mana takardu har na fara gyangyaɗi, na sa hannu, aka ba ni makulli. Ban tambaye shi zancen itaciya ba. Me zan tambaya? Ai kowa ya san gida na saya.

Da kaka ta zo, nuwa ta fara faɗowa kan rufi ƙwas, ƙwas, sai na je wurin mai burodi, wadda ita ce rediyon garin, na tambaye ta wa ya dasa itaciyar nan. Ta ce wata tsohuwa ce, tana nan da rai a gidan tsofaffi a Lyon. Na koma na ɗauki gora na kaɗe itaciyar tas, muka ɓare da Hajiya, muka shanya, na ɗura a buhu. Yara suka tsaya suna kallon buhun irin kallon da na yi wa jikokin tsohuwar garinmu. Na ce musu abin da iska ta kaɗo naku ne. Tun daga ranar ɗiyata ta fari, wadda take da sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Inna kuma ba ni iya yi mata faɗa, ta fara sauraron labarin yanayi a talabijin fiye da manoma.

Na shiga gidan tsofaffin da buhu a kafaɗa. Ma'aikatan suka ɗauka talla na kawo. Da ƙyar aka kai ni wurinta, ƴar ƙaramar mace mai farin gashi tana zaune bakin taga da bargo a gwiwa. Na gaishe ta gaisuwar da ta dace, na tambayi lafiyarta da ta iyalinta da sanyi da gajiya, tana kallona kamar zan ƙare da roƙo. Sannan na ce ga amfanin itaciyarta na bana.

Ta ce ita ba ta da itaciya, ta sayar da gidan tun kafin a haifi ƴaƴana. Na ce gidan dai ta sayar. Na ba ta labarin mahaifina da ɗorawa. Ta yi dariya har sai da wata ma'aikaciya ta leƙo. Ta ce a ƙasar nan itaciya tana bin ƙasa kamar yadda wutsiya ke bin saniya, in na ga dama gobe in sare ta ba mai ce mini uffan. Na ce na ji, kuma ban yi gardama da dokar Faransa ba, hannuna ne dai bai ji ba.

Sai ta sa hannu cikin buhun ta ɗauko guda ta kai hanci. Ta daɗe haka. Ni kuma na kau da kai ina kallon taga, don ba a kallon babba a irin wannan hali.

"Badi ka zo da wuri," in ji ta. "Waɗannan ka bar su sun sha ruwa."

Haka muka ƙulla. Duk kaka in kai buhu, ita kuma ta biya ni da labarin gidan, kaɗan kaɗan, kamar mai raba goro a shekarar tsada. Madam nake ce mata, ita kuwa tana ce mini manomina.

Uban mijinta ne ya gina gidan da duwatsun rafi. A zamaninsa ba inji, mutum biyu ke jan zarto, ɗaya saman gungume, ɗaya cikin rami a ƙasa, kuma na ƙasan shi ke shan garin katako a ido da baki. Tsohon nan duk rayuwarsa shi ne na ƙasa. Shi ya sa ya rantse gidansa sai ya yi ɗakin sama, ko da kaza ce za ta kwana ciki. Da ya mutu ɗansa ya gada, shi ne mijin Madam. An kawo ta amarya daga wani kwari mai ɗumi inda nuwa ke fitowa kamar ciyawa, ta zo da ƴan ƙwallaye a aljihu ta binne bayan gida. Uwar miji ta ce ba za su yi ba a wannan sanyi, kuma ko sun yi, inuwar nuwa tana sa ciwo, ba a barci ƙarƙashinta. Na ce wa Madam mu ma haka ake faɗa game da tsamiya, ashe tsofaffin duniya duk malaminsu ɗaya. Ƙwallo guda ne ya rayu. Da itaciyar ta yi kauri, mijin ya riƙa zuwa duk shekara yana gwada ta da hannu biyu, yana cewa ta kusa isa armuwar, wato kabad na tufafi. Madam ta ce masa shi zai riga itaciyar shiga katako. Ta ba ni wannan tana dariya, sannan dariyar ta tsaya, don haka aka yi. Wani sapan ya faɗo masa ta inda ba a zata ba.

Bayan mutuwarsa ta sayar wa mai injin ta koma Lyon aikin wanki da guga, da ɗanta ƙarami. Mai injin ya mai da gidan masaukin leburori, Italiyawa da fari, sannan mutanen Portugal, sannan mu. Da ta ji na taɓa zama ciki sai ta tsare ni da ido ta tambaye ni wa ya ƙona matakala, don labari ya zo mata. Na ce ɗan Mali ne da murhun shayinsa, kuma ya koma gida tuni, ba a iya jin ta bakinsa.

Daga mai injin gidan ya koma hannun wani likitan haƙori na Lyon, wanda ya saye shi don hutun ƙarshen mako. Ya shafa wa tagogi shuɗin fenti, ya fasa bango ya yi babbar taga don ya riƙa kallon duwatsu, sai sanyi ya riƙa shigowa yana kallonsa shi ma. Bai daɗe ba ya ce ƙarar injin zarto ta dame shi. Mutumin da ke huda haƙoran bayin Allah da inji tun safe har yamma. Shi ya sayar wa wani saurayi da budurwarsa masu dogon gashi, waɗanda suka gudo daga birni don su yi kiwon awaki su riƙa yin cuku. Awakin suka ci ƙyauren lambu, suka ci igiyar shanya, suka ɓare wa itaciyar gefe guda, tabon yana nan har yanzu. Da sanyi ya gwada musu halinsa sai soyayyar ta ƙare, awakin suka riga su barin gari. Daga hannunsu na saya. Duk wannan Madam tana zaune a Lyon ta sani, don mai burodi ba ta bar ta cikin duhu ba.

Mutanen garin da fari sun ɗauke ni abin kallo. In na fito da buhu dattawa su daina hira a bakin gidan shan kafe, wani ya ce manomin Madam zai kai haraji. Daga baya suka saba. Har in yaro ya jefi reshe sai ka ji wata tsohuwa ta daka masa tsawa wai ya bar itaciyar Madam.

Da Madam ta rasu na je jana'izarta na tsaya can baya. Buhu ya koma wurin ɗanta, wani mutum mai ƙarancin magana wanda yake karɓa a bakin ƙofa ya ce an gode ya rufe. Da shi ma ya bi ta, sai ya zama saura jikanya guda a Paris, mai ɗan shagon gyaran tufafi a Belleville. Lokacin Inna ta gama karatun shari'a ta yi aure tana zaune a Stains, gefen Paris, sai na ɗora mata aikin. Duk kaka in ta zo ganinmu ta koma da buhu. Takan ce duk cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba mai digiri da ke ɗauke da buhun nuwa sai ita. Nakan ce ai shi ya sa aka ba ta digirin, don ta fita daban.

Sannan Hajiya ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta. Ba zan tsawaita a nan ba. Kakar da ta biyo baya na je ni kaɗai, na kafa tsani, na hau da gora. Ni dai na san ina sama, sai na ga ina ƙasa, ganye yana zubo mini a fuska. Wanda ya tsince ni jikan mai injin ne, wanda yanzu injin ke hannunsa, ƙaton mutum mai jan gemu da na sani tun yana tafiya da wando a hannu. Aka sa mini ƙarfe a ƙugu. Yanzu in na bi ta ƙofar filin jirgi sai ta yi kuka kamar ta ga ɓarawo.

Tun ina kwance a likita Inna ta ce a sayar da gidan. Ƙannenta suka bi bayanta, kamar yadda suka saba tun suna ƙanana. Rufin ya koma yoyo, ni ba ni iya tuƙi mai nisa, su kuma kowa da aikinsa. Aka kafa allo. Watanni suka wuce ba wanda ya taya sai mutum ɗaya, mai jan gemu. Kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce gidan zai gyara wa iyalinsa, itaciyar kuwa zai cire ta. Ya ce katakon nuwa ba a haɗa shi da sapan, da shi ake ƙotar bindigar masu hali da teburin manya, kuma ba sare ta ake ba, tono ta ake har saiwa, don a gindin ne zanen ya fi kyau. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli. Ashe tun yana yaro yake gwada ta da ido, kamar mijin Madam.

Na ce ba ni sayar da abin da ba nawa ba. Inna ta kai ni wurin noter, wani saurayi mai haƙuri, ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce a doka itaciyar tawa ce tun ranar da na karɓi makulli, kuma za ta zama ta mai saye ranar da na miƙa shi. Ana iya rubuta sharaɗi kada a taɓa ta, in mai saye ya yarda. Mai saye bai yarda ba. Ya ce shi ba ya sayen saniya a ce masa ban da nono.

Sai na ce to, a kai ni wurin mai itaciya. In ta ce a'a, magana ta ƙare. A raina na tabbata za ta ce a'a. Wa zai yarda a tone abin da kakarsa ta dasa?

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, Inna ta tarbe ni, muka shiga metiro muka fito Belleville. Titin hawa ne, ni da sanda, muna wuce shagunan Sinawa da agwagi rataye da na Larabawa masu kayan zaƙi, ina tsayawa ina yi kamar kallo nake alhali numfashi nake nema. Jikanyar Madam mace ce mai furfura da tabarau, da allurai a baki. Ta cire su ta rungume Inna, ashe sun zama ƙawaye a bayan idona. Ta ba ni kujera ta kawo kafe. A kan teburin shagon na ga kwalba cike da nuwa, na gane su kamar yadda mutum ke gane awakinsa a kasuwa.

Na yi mata bayani tun daga ɗorawar mahaifina. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka kyauta ce daga wani abokin kakarta. Ba ta taɓa ganin itaciyar ba, ba ta taɓa taka garin ba. Abin da ta sani kawai, kakarta takan ce tana da wani mahaukaci mai kirki a Saint-Fons. Na ce ni ne, ba wani.

Ta ɗauko ƙwallo guda tana juya shi a hannu. Sannan ta tambaye ni, a al'adar tamu, in itaciya taka ce kana iya yin abin da ka ga dama da ita? Na ce ƙwarai. Har kyauta? Na ce har kyauta.

"To na ba ka," ta ce. "Kai ka san ta. Ni ƙwallayenta kawai na sani."

Inna ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na zo neman garkuwa, an miƙo mini abin da nake gudu. Duk shekarun nan in an taɓa zancen itaciyar nan sai in ce ba tawa ba ce, in huta. Yanzu ta zama tawa ta ko'ina, ta dokar Faransa da ta garinmu, ba sauran wanda zan laɓe bayansa. Kuma kyauta ba a mai da ta, sai ka zama marar mutunci.

Da muka isa Stains da la'asar, Inna ta zuba mini abinci ta zauna gabana. Na shirya jin dogon bayani irin na masu shari'a. Ba ta yi ba.

"Papa, ni ba itaciyar ce ta dame ni ba," ta ce. "Na san ka. Muddin gidan yana hannunka, in kaka ta yi sai ka hau. Ni kuma duk lokacin da salulata ta yi ƙara da lambar Lyon sai in ce shi ke nan, ka sāke faɗowa. An kira ni sau ɗaya saboda Mama. Ba ni son na biyu ya zo ta kan tsani."

Na dubi tuwon na dubi Inna. Fuskar mahaifiyata ce sak, har yadda take tsuke baki. Na ce Inna, na ji. Mutum ba ya musu da uwarsa sau biyu a rayuwa ɗaya.

Aka sa hannu da bazara, lokacin ganyen nuwa yana fitowa ja-ja. Da noter ya gama karatunsa na miƙa wa mai jan gemu makulli, na ce ina da magana guda, ba ta takarda ba. Na ce gida nasa ne, Allah ya sa ya shiga a sa'a. Itaciya ma a takarda tasa ce, ba mai kai shi ƙara. Amma a garinmu tawa ce, kyauta aka ba ni, kuma ban sayar ba. Ya sosa gemu ya ce shi ba a garinmu yake ba. Na ce na sani, na dai faɗa ne don kada wata rana ya ce ba a gaya masa ba. Ya yi dariya ya girgiza mini hannu har ƙarfen ƙuguna ya amsa. Bai yi mini alkawarin komai ba.

Duk damina ina Saint-Fons. In na fito zuwa masallaci na ga kamiyo ɗauke da gungume a babbar hanya sai in tsaya in bi shi da ido, ina neman ɓawo mai toka-toka da tabo a gefe cikin jajayen sapan. Inna ta ce bari ta kira garin ta tambaya. Na hana. Labarin da bai zo ba, bai faru ba.

Wata Asabar da hantsi, ganye ya fara zuba, asansar ɗinmu, na'urar hawa bene, ta mutu kamar yadda ta saba, sai na ji wani yana hawowa matakala yana huci kamar sa. Aka buga ƙofa. Mai jan gemu ne, gumi har wuya, da buhu a kafaɗa. Ya dire shi tsakar ɗaki, na ji ƙarar nan da na sani, ƙwaram.

Na ba shi wuri ya zauna ya sha ruwa. Sannan na tambaye shi ina teburin manya. Ya ce bana kasuwar katako ba ta yi ba, kuma motar tono tana wani aiki. Yana faɗa yana kallon silin. Da na ƙi ɗauke ido daga kansa sai ya ƙara da cewa tun da ya tare a gidan ba ya iya sayen burodi cikin kwanciyar hankali. Kullum sai wata tsohuwa ta tambaye shi ko ya nemi izinin mai itaciya. Ya ce kada in sa rai, katako ba ya gudu, badi ma shekara ce.

Na ce haka ne. Na dubi hannuwansa a kan gwiwa. Baƙi ƙirin har wuyan hannu, kamar amaryar da ta kwana da lalle. Ba lebura ya sa ba ke nan, da kansa ya zauna ya ɓare. Na ce masa in ya ci gaba haka, nan da ƴan shekaru ni da shi ba mai bambanta mu a hannu. Ya ce matarsa ma ta hana shi taɓa labule.

Na buɗe buhun na duba, don mai itaciya ba ya karɓar kaya ido rufe. Na ce ya bar su sun sha ruwa, badi ya zo da wuri. Sannan na ware kashi guda na Belleville, don wanda ya ba ka itaciya ba ka hana shi ɗanɗano. Inna da na gaya mata a salula ta yi dogon tsaki, ta ce ita dai ba ta ga ranar da za ta rabu da buhu a metiro ba. Saura kuma na raba wa maƙwabta da jikoki, tun da haƙoran da suka rage mini ba su fi na gaisuwa ba. Itaciya ta zama tawa daidai lokacin da ba ni da abin taunawa.

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin matakala, na ce akwai abu guda da ya kamata ya sani, tun da yanzu shi ke zaune a gindinta. Abin da iska ta kaɗo, wannan na mai gida ne.

Ya ce ai an riga an gaya masa a wurin mai burodi. Ya ce yaransa yanzu ba su da aiki, da sun tashi da safe sai su buɗe taga su ga ko ganye yana motsi.